Famfo, Burtsatse, Tanka Ko Ruwan Sama: Wanne Ya Fi Wa Gidan Haya A Zangon Accra?

Kawuna yana da gida a Madina Zango mai ɗaki 12. Shi da iyalinsa da 'yan haya, in aka ƙirga har da yara, mutum 30 ne. Ɗansa da ke Jamus ya turo kuɗi ya ce a kashe su a kan ruwa, don ya gaji da jin mahaifiyarsa na faɗa masa a waya cewa ƙarfe uku na dare ta tashi tarar famfo. Bayan sallar Juma'a Kawu ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Ɗana, kun taɓa haƙa burtsatse a gidanku, ka faɗa mini tsakani da Allah. In haƙa, ko in sayi babban tanki in ci gaba da famfo?" Na ce, "Kawu, ka yi mini haƙuri zuwa gobe, wannan ba amsar tsaye ba ce." Lissafin da na zauna na yi masa shi na rubuta a nan, domin daga Nima zuwa Fadama, daga Sabon Zango zuwa Ashaiman, masu gidaje da yawa suna kwana da wannan tambayar.

Abin da za a saya na shekara 20 ne

Wanda zai haƙa rijiya ko ya kafa tanki ba don bana kaɗai yake yi ba, don haka sai ya ɗan duba inda al'amarin ruwa ya dosa. Kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne. Ɗan abin da ya rage ma, yawancinsa ƙanƙara ne ko yana can ƙarƙashin ƙasa, kuma noma na cinye kusan kashi 70 cikin 100 na abin da mutane ke ɗiba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha a inda suke zaune, ga shi kuma ƙasashen duniya sun yi alkawari tun 2015 cewa kowa zai samu kafin 2030.

Manyan birane ma ba su tsira ba. A 2018 birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya taƙaita wa kowane mutum lita 50 a yini, ana ƙirga kwanakin da suka rage a rufe famfunan gari. A 2019 madatsun Chennai a Indiya suka ƙafe har sai da aka riƙa kawo ruwa a jirgin ƙasa. Jakarta kuwa nutsewa take yi a hankali, kuma babban dalili shi ne kowa ya haƙa tasa rijiyar yana zuƙar ruwan ƙasa. Mu da kakanninmu suka zo daga arewa mun san labarin Tafkin Chadi, wanda ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 in aka kwatanta da girmansa a shekarun 1960.

Accra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu ke cewa, tana sha ne daga wurare biyu: madatsar Weija a kan kogin Densu, da Kpong a kan kogin Volta. Da aka faɗaɗa matatar Kpong a ƙarshen 2014, Madina da Adenta sun ga ruwa a famfunan da suka yi shekaru a bushe. Amma ƙidayar 2021 ta samu sama da mutum miliyan 5.4 a yankin Babbar Accra, kuma gari bai daina faɗi ba. Kamfanin Ghana Water da kansa yana cewa abin da ake nema ya fi abin da yake tacewa, shi ya sa ake raba ruwa unguwa-unguwa. Sai kuma galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, mai cika koguna da laka. A watan Agusta na 2024 kamfanin ya sanar cewa laka a kogin Pra, a matatar Sekyere Hemang mai ba Cape Coast da Elmina ruwa, ta kai ma'auni 14,000, alhali an gina matatar don 2,000. Densu da muke sha daga dajin Atewa yake fitowa, kuma masu haƙar ma'adinai sun daɗe da sa masa ido. Matatar ruwan teku ta Teshie da aka buɗe a 2015 ta nuna cewa ana iya cire gishiri, ta kuma nuna tsadarsa, domin a farkon 2018 rufe ta aka yi kan maganar kuɗi.

Abin da na ɗauka daga wannan duka: ruwan famfo zai ci gaba da zuwa yana ɗaukewa kuma kuɗinsa zai ƙaru, ruwan ƙasa kuma ba mallakar mutum ɗaya ba ne.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Kafin a yi maganar wanne ya fi, a fara sanin bukatar gidan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa lita 50 zuwa 100 ga kowane mutum a yini domin sha, girki, wanka, wanki da bayan gida. Mu ɗauki 50. Gidan Kawu na mutum 30 yana son lita 1,500 a yini, wato galan Kufuor mai lita 25 guda 60, ko lita 45,000 a wata. Daga ciki, na sha zalla bai wuce lita 90 a yini ba, in an ba kowa lita 3. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai: ruwan da dole ya zama tsaf ɗan kaɗan ne, sauran na wanki da wanka da wanke tsakar gida ne.

Da wannan adadin na auna kowace hanya da abu biyar. Na farko kuɗi, kuma kuɗi iri biyu ne, na farawa da na kullum. Na biyu ƙarko, shekara nawa abin zai yi kafin a sake zuba masa jari. Na uku sauƙi, kuma a nan nufina wahalar mata da yara, domin su ke tashi cikin dare, su ke ɗaukar galan a ka su makara makaranta. Na huɗu haɗari ga lafiya. Na biyar tabbas: ranar da aka fi bukata, kamar ranar suna ko jajibirin Sallah, akwai ruwa ko babu?

Domin kwatanta farashi, riƙe wannan awon. Lita 1,000 ita ce yunit ɗaya a mitar famfo. Ita ce galan 40 mai lita 25. Ita ce ruwan leda guda 2,000, kusan jaka 67 mai guda 30. Farashi yana canzawa kowane 'yan watanni, amma wannan awon ba ya canzawa. Duk abin da ake sayar da galan a layinku, ninka shi sau 40 ka ajiye kusa da takardar kuɗin famfo.

Famfo da tankin ajiya

A kuɗin kullum, cikin ruwan da ake biya, babu mai kama ƙafar famfo. A ce ana sayar da galan sidi 2 a unguwa, lita 1,000 ta tashi sidi 80 ke nan, kuma yunit ɗaya a mitar gidan zama bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Hukumar PURC, mai kula da farashin ruwa da wuta, ce ke yanke farashin, kuma ta yi rangwame a kan yunit biyar na farko a wata. Sai dai wannan rangwamen ba ya amfanar irin gidajenmu, domin mita ɗaya ce ga mutum 30, kwana huɗu sun cinye yunit biyar ɗin, sauran watan a farashin sama suke biya. Duk da haka ya fi araha nesa ba kusa ba. Kuɗin farawa shi ne na jona bututu in babu, da tanki, da ginin da zai zauna a kai.

Tankin shi ne zuciyar wannan zaɓi. Mai lita 5,000 zai riƙe gidan Kawu kwana uku da 'yan awoyi, mai lita 10,000 kusan mako guda. Don haka kafin ka je kasuwa, ka ɗauki wata ɗaya kana rubuta ranakun da famfo ya zo da awa nawa ya yi. Tazara mafi tsawo tsakanin zuwa biyu ita za ta faɗa maka girman tankin. Kada ka manta lita 5,000 nauyinta tan biyar ne. Na ga tanki a kan siraran ƙarafa a tsakar gidan da yara ke wasa a ƙarƙashinsa, kuma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Gara ka ajiye babba a ƙasa kan daɓen siminti, ka sa ƙaramin inji ya riƙa tura ruwa zuwa ƙarami a sama. Jona inji kai tsaye a bututun kamfani don zuƙo ruwa laifi ne, kuma cutar maƙwabci ne, domin abin da ka zuƙe rabonsa ne.

Polytank, wato tankin roba, baƙi mai kauri, in an kafa shi daidai, yana shekaru masu yawa. Baƙin ya fi, don rana ba ta ratsa shi balle gansakuka ta fito. Haɗarin famfo yana wurare biyu. Ruwan yana barin matata da kulorin a cikinsa, amma ƙananan bututunmu na roba a cikin kwata suke bi, wanda ya taɓa leƙa lungunan Nima ya gani. Idan famfo ya ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya tsotsi ruwan kwata ta inda ya tsage. Shi ya sa ruwan farko bayan dawowa a bar shi ya zuba, ko a tara don wanke tsakar gida. Na biyu kuma tankin kansa: kulorin yana gushewa in ruwa ya kwana biyu, laka na taruwa a gindi, in murfi bai rufu ba sauro ya samu gida. A wanke shi duk wata shida.

Rauninsa ɗaya ne, kuma babba ne: in layinku ba ya samun ruwa sai sau ɗaya a mako biyu, ko yana zuwa ba ƙarfi, tankin zai zauna babu komai.

Rijiyar burtsatse

Nan hankalin kowa ya fi karkata, kuma na gane dalili. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mutum ya gaji da jira, yana son abin da ke hannunsa. Mu ma haka muka ji lokacin da muka haɗa kuɗi mu 'yan'uwa muka haƙa a gidanmu na Ashaiman. Mai haƙar bai yi awon ƙasa ba, ya ce ya san unguwar. Ranar da ruwa ya ɓullo mata suka yi guɗa. Bayan mako guda mahaifiyata ta miƙo mini kofi ta ce, "Sha ka ji." Gishiri ne. Sabulu ba ya kumfa, butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki, ta dafa wake da shi ya ƙi nuna a kan lokaci. Tun daga ranar ba ta ƙara girki da shi ba. Muna wanki da wanke bayan gida da shi har yau, amma na sha da na girki saye muke yi.

Ba rashin sa'armu kaɗai ba ce. Ruwan ƙasa a filayen Accra, musamman wajen Tema, Ashaiman, Teshie da Nungua, ya yi suna da gishiri. Wasu wuraren kuma ƙarfe ne ke cikin ruwan, ka tara shi garau, da safe ka tarar ya yi ja yana ɓata farin kaya. Ta wajen Madina zuwa gindin duwatsun Aburi akwai masu samun mai daɗi, akwai masu samun akasin haka, wani lokaci gida biyu ne tsakaninsu. Akwai injin tace gishiri, amma tsadarsa na iya kama kuɗin haƙar, yana cin wuta, yana zubar da kaso mai yawa na ruwan, kuma ana canza masa matata lokaci-lokaci.

Kuɗin farawa a nan ya fi na kowace hanya, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya: awon ƙasa, haƙa, bututu, injin da ake zurawa a ciki, waya, tanki, gwajin ruwa. Kuɗin haƙa ana biyansa ko an samu ruwa ko ba a samu ba, sai in an rubuta akasin haka a takarda. Bayan nan kuɗin kullum kaɗan ne, wutar lantarki da gyara. Ramin in an yi shi da kyau yana shekara 20 ko fiye. Injin ba ya kai haka, kuma wuta mai hawa da sauka tana ƙona shi. Ranar dumsor kuwa, wato in an ɗauke wuta, babu ruwa sai abin da ke tanki, sai ga mai sola.

Amma abin da ya fi damuna shi ne masai. Ma'aikatan lafiya suna son a bar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da ramin bayan gida. A wane gidan zango za a samu wannan? Gidanka ɗaki ne a jikin ɗaki, bayan katangarka ramin maƙwabci ne. Idan mai haƙa bai zuba siminti ya toshe wuyan rijiyar ba, ruwan saman ƙasa zai gangara ta jikin bututu ya haɗu da na ƙasa. Malamanmu sun karantar da mu cewa ruwan alwala ana duba launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Wannan hukuncin tsarki ne. Ƙwayar cutar kwalara da ta taifot ba su canza ko ɗaya daga cikin ukun. A 2014 kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a Ghana, ta kashe sama da 200, kuma Accra ce ta fi jin jiki. Akwai kuma sinadarin naitiret da ke tsatsowa daga ramukan masai, mai haɗari ga jarirai in ya wuce miligiram 50 a lita, kuma tafasawa ba ta cire shi, kamar yadda ba ta cire gishiri.

Wanda zai haƙa, ga abin da zan roƙe shi. Ya zagaya gida biyar mafi kusa masu burtsatse ya ɗanɗana ruwansu, ya tambayi zurfin da suka kai da yadda rijiyar ke yi a watan Fabrairu da Maris. Ya nemi ganin lasisin mai haƙar, domin dokar 2006 ta wajabta wa masu haƙa karɓar lasisi daga Hukumar Kula da Albarkatun Ruwa, wadda aka kafa da dokar 1996. Ya riƙe wani kaso na kuɗin sai an gwada ruwan a Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, ko ɗakin gwajin Ghana Water. In kuma yana da niyyar sayar wa unguwa, ya je hukumar ya nemi izini tukuna. Sannan ya tuna da Jakarta. Ruwan da ke ƙarƙashin gidanka shi ne ke ƙarƙashin gidan maƙwabcinka, kuma a bakin teku idan aka zuƙe mai daɗi da yawa, na teku ne ke matsowa ya maye gurbinsa. Rijiya ɗaya mai kyau da gida goma suka haɗa kuɗi, ko wadda aka yi wa masallaci sadaka mai gudana aka naɗa mata mai kula da asusun gyara, ta fi ramuka goma da aka yi cikin gaggawa.

Tanka

Tanka, wato motar dakon ruwa, ba ta son jari sai tankin da za a juye a ciki, ka buga waya ta zo. Amma a kan kowace lita ta ninka famfo sau da yawa, kuma lokacin da ruwa ya yi wuya, lokacin farashinta ke tashi, lokacin kuma direba ke cewa sai jibi. A lungunan da mota ba ta shiga sai an ƙara dogon tiyo, wani lokaci da ƙarin kuɗi.

Babbar matsalarta ba ka san inda aka ɗebo ba. Wasu daga wurin da kamfanin ruwa ya ware suke cika, wasu daga burtsatse, wasu tankar da ta kai wa magina ruwa jiya ita ce ta kawo maka yau. An taɓa kawo mana wanda da ya kwanta muka ga yashi a gindin bokiti. Ka tsaya a kan direba ɗaya da ka sani, ka tambaye shi inda yake ɗiba, ka tari bokiti ɗaya ka duba kafin a juye, ka kuma san girman tankinka don ka gane ko an cika maka awo. Gida mai mutum 30 da zai rayu a kan tanka kaɗai zai sayi mai lita 5,000 sau tara a wata. Kuɗin haya ba zai ɗauki wannan ba.

Ruwan sama

Wannan ne aka fi rainawa, ni kuma ina ganin asara ce. Kakanninmu randa suke jerawa a ƙarƙashin indararo. Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Accra tana samun wajen milimita 750 zuwa 800 a shekara, a damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Rufin kwano mai murabba'in mita 150 zai zubo sama da lita 110,000 a shekara. Cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke zubewa, saura kimanin 90,000, wato ruwan wata biyu na gidan Kawu, kyauta. Ruwa ɗaya mai ƙarfi na milimita 30 zai cika kusan kashi uku cikin huɗu na tanki mai lita 5,000. 'Yan'uwanmu na Aboabo da Asawase a Kumasi sun fi mu sa'a, domin ruwan saman da suke samu ya kusa ninka namu.

Ba zai riƙe gida shi kaɗai ba, domin daga Disamba zuwa Maris sai ƙurar hunturu da zafi. Amma kuɗinsa indararo ne da bututu da raga, kuma ga wanki babu kamarsa, sabulu kaɗan ya isa. A bar ruwan farko ya wanke kwano daga ƙura da kashin tsuntsaye, a ware masa tankinsa daban, kada a gauraya da na famfo. In za a sha, a tafasa. Kowace lita da ka tare kuma lita ce da ba ta shiga kwata ta ƙara wa kogin Odaw mai yawan ambaliya a Accra nauyi ba.

Ruwan leda

Shi ba ya cikin masu takarar riƙe gida, na sha ne kawai, amma dole a sa shi a lissafi. Ƙidayar 2021 ta nuna sama da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Ghana da shi suka dogara wajen sha, a birane kuwa abin ya fi haka. Gidan Kawu yana shan jaka shida a yini, jaka 180 a wata. Ninka wannan da farashin jaka a shagon layinku, za ka ga sau da yawa kuɗin lita 90 na sha ya fi kuɗin lita 1,500 na famfo. A sayi mai lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, kada a ajiye shi a rana. Ledar kuma mun san inda take ƙarewa. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da gobara suka kashe sama da mutum 150 a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, ya san abin da toshewar magudanan ruwa ke jawowa. Gidan da ke da ruwan famfo zai iya rage wannan kuɗin sosai da tafasawa, ko ƙwayar kulorin, ko matatar tukunyar ƙasa, a zuba a randa mai murfi da moɗa guda wadda ba a ajiye ta a ƙasa.

| Hanya | Kuɗin farawa | Kuɗin kullum | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Famfo da tanki | Matsakaici | Mafi araha cikin na biya | Shekaru da yawa | Sosai, in tanki ya isa | Ɗaukewa, ruwan kwata a bututu |
| Burtsatse | Mafi tsada | Kaɗan, wuta da gyara | Rami 20 ko fiye, inji ƙasa da haka | Sosai, in da wuta | Gishiri, masai, ramin da ba ruwa |
| Tanka | Tanki kawai | Tsada ƙwarai | Ba abin lalacewa sai tanki | Sai an jira | Rashin sanin inda aka ɗebo |
| Ruwan sama | Kaɗan | Babu | Indararo na son gyara | Da damina kawai | Dattin rufi, sauro |
| Ruwan leda | Babu | Mafi tsada a kan lita | Ba ya ajiyuwa da daɗewa | Sosai | Na jabu, tarin leda |

Wa ya dace da wanne

Idan famfo na zuwa layinku ko da sau biyu a mako kuma da ƙarfi, kada ka haƙa. Sayi tankin da zai rufe tazarar da ka rubuta, ka ƙara kwana biyu a kai, ka canza tsofaffin bututun da ke bi ta kwata, ka sa indararo. Ka yi shi tun damina, ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan bututu bai iso unguwarku ba, kamar sabbin wuraren bayan gari inda fili ke da faɗi kuma masai na nesa, sannan maƙwabta suna samun ruwa mai daɗi, burtsatse ita ce taka. Da awon ƙasa, da mai lasisi, da gwaji kafin kowa ya sha, da sake gwaji duk shekara bayan babbar damina.

Idan kana cikin tsohon zango mai cunkoso, ko kusa da teku, kuma famfo ba ya zuwa sosai, burtsatse za ta iya ɗauke maka nauyin wanki da bayan gida, wanda shi ne mafi yawan ruwan. Amma ka shiga da sanin cewa na sha da na girki daga wani wuri za su fito, kuma kada ka yanke layin famfonka. Ka fara neman maƙwabta ku yi ta tarayya.

Mai sana'ar da ke cin ruwa, kamar mai waakye, mai koko, mai wanki ko mai gidan wanka, yana bukatar hanya biyu a kowane lokaci, domin yini ɗaya ba ruwa yini ɗaya ne ba ciniki. Ɗan haya kuwa kada ya zuba kuɗi a ramin da ba zai tafi da shi ba. Duro mai murfi ko ƙaramin tanki da zai ɗauka ranar tashi ya fi masa, kuma kafin ya biya kuɗin shekara ya tambayi matan gidan, ba mai gidan ba, ranakun da famfo ke zuwa. Tanka a bar ta don ranar biki, ranar rasuwa, da makon da aka yi gyaran babban bututu.

Da na koma wurin Kawu na tarar Hajiya ta riga ta ba shi amsar rabin tambayar, domin ita ta san famfonsu Talata da Asabar yake zuwa, wani lokaci ya tsallake ɗaya. Ramin masan maƙwabcinsu kuma taku goma ne daga inda yake son haƙawa. Na ce, "Kawu, tanki biyu masu lita 5,000 a ƙasa, ƙarami a sama, da indararo a dogon ɓangaren kwanon. Abin da ya rage a ajiye na gyara." Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce a kira magini ya zo ya auna wurin daɓen ranar Litinin.